Me Ya Hana Kawu Tsayuwa?

Tsakanin shagon ɗinkin Kawu da masallacin unguwa ba wata tafiya ba ce, yaro da gudu ɗaya yake shanye ta. Amma a 'yan shekarun nan Kawu ba ya kaiwa sai ya yada zango. Na farko dakalin mai wanki da guga, na biyu wani kututturen darbejiya da ke bakin kwata. Zai zauna, ya dafa gwiwoyi, ya sunkuyar da kai minti biyu ko uku, sannan ya miƙe garau ya ci gaba. In an tambaye shi sai ya ce ƙafafun ne ke yin nauyi. Abin daga ɗuwawu yake tasowa, ya bi bayan cinya, ya sauka sha-raɓa, daga nan sai minjirya, sai ya daina jin ƙasar da yake takawa.

Da iyakar maganar ke nan, da ba wanda zai ɗaga kai, tunda mutum ya haura saba'in. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne, wannan dattijon da ke neman wurin zama kafin ya kai masallaci, shi ne dai ke hawa kekensa ya tafi Kantin Kwari ya saro yadi ya dawo, ko a jikinsa. Shi ne kuma ke yini a kan keken ɗinki na ƙafa, tun hantsi har la'asar sakaliya, yana takawa ba ƙaƙƙautawa.

Bakin mutane kuwa ba ya zama haka nan. Wasu suka ce son jiki ne. Wani a majalisa ya ce ƙafar da ta san hanyar kasuwa ta manta ta masallaci, abin a duba ne. Maganar ta koma kunnen Kawu, ta kuma yi masa zafin da ciwon bai yi masa ba. Inna, matarsa, ta tsaya kai da fata cewa wani abu ya taka. Abokansa suka ce sanyi ne, don a wurinmu duk ciwon da ya rasa mai shi, sanyi ake ɗora wa.

An yi ƙaho a ƙugu, an sha jiƙe-jiƙe, an shafa man zafi. Daga baya aka koma wa wani mai kemis da ke haɗa ƙwayoyi a ƙullin leda, ja da fari da rawaya, ba kwali ba suna, a sha safe da dare. Wannan kam ya nuna alamar aiki. Ciwon ƙugun ya ragu, cin abinci ya buɗe, fuska ta ciko, har ana cewa Kawu ya murmure. Tafiyar ce dai ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba.

Ba ma ƙafar ce ta kai mu asibiti ba. Ƙishirwa ce da yawan fitsarin dare, ga kumburin idon sawu. Aka auna, suga ya hau, jini ya hau. A gida aka yi ajiyar zuciya, wai an gano bakin zaren, suga ne ya ci jijiyoyin ƙafa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don suga yana yin haka. Sai dai likitar da aka tura mu wurinta, wata matashiya mai yawan tambaya, ba ta gamsu ba.

"Baba, daga ina abin yake farawa? Daga yatsu ya hau, ko daga sama ya sauko?"

"Daga sama, 'yata."

"Da dare in ka kwanta, tafin ƙafa yana raɗaɗi?"

"Barcina nake yi, in ban da fitsarin nan."

Ta ce ɓarnar suga daga yatsun ƙafa take farawa, ta riƙa hawa sannu a hankali cikin shekaru, ta fi matsa wa mutum da dare, kuma ba ruwanta da ko kana tsaye ko kana zaune. Na Kawu daga sama yake saukowa, tafiya ke kiransa, zama ke korarsa. Sannan ta dubi fuskar nan da ta ciko, ta dubi siraran hannuwansa, ta ce a je a tambayi mai kemis ainihin kwalayen da yake ɓallo ƙwayoyin daga ciki. Da ƙyar ya nuna: diklofenak, firoksikam, da wata 'yar ƙaramar ƙwaya, dekzametason. Ita wannan ta ƙarshe ce ta buɗe cin abinci, ta kumbura fuska, ta tayar da suga, kuma a ɓoye tana rage ƙarfin ƙashi. Biyun farko dangin juna ne, haɗa su ba ya ninka sauƙi sai dai ya ninka haɗari: suna riƙe ruwa a jiki, su ɗaga hawan jini, su wahalar da ƙoda, su tsaga gyambon ciki, balle ga tsoho. Gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara jin jiki. Aka tsayar da su nan take, amma dekzametason, likita ta ce a janye shi kaɗan-kaɗan, don jikin da ya daɗe yana sha, in aka yanke masa farat ɗaya yana iya zubewa. Bayan an janye, sugan ya sauko da kansa. Ashe murmurewar da ake yi wa barka, maganin ne ke cin sa.

An fitar da suga daga zargi, saura ciwon da ya kawo shan maganin tun farko.

Zargi na biyu, toshewar jijiyar jini, ya fi na farko ƙarfi, kuma tsohon sananne ne a wurin likitoci. A 1831 wani likitan dabbobi a Faransa mai suna Bouley ya ba da labarin dokin da ke fara ɗingishi in ya yi nisa da aiki, in ya huta ya warware. Da aka buɗe shi bayan ya mutu, sai aka tarar hanyar jinin ƙafafun baya ta toshe. A 1858 wani likita, Jean-Martin Charcot, ya bayyana irin wannan a jikin ɗan Adam. Tsoka mai aiki tana neman ƙarin jini, hanya ta ƙuntata, jinin bai isa ba, sai ciwo. Kawu ya sha taba a ƙuruciyarsa, ga shekaru, ga hawan jini, duk abin da ke toshe jijiyar jini ya tara. Likita ta sa ya cire takalmi. Ta ɗora yatsu a gadon ƙafarsa, ta koma bayan idon sawu ta ciki, duka jini na bugawa sosai. Ta sa aka auna ƙarfin jini a idon sawu da a dantse aka kwatanta. In na ƙafa ya gaza kashi 90 cikin 100 na na hannu, ana zargin toshewa. Nasa lafiya lau.

"In ciwon ya taso ka tsaya cak a tsaye, ba ka zauna ba, yakan lafa?"

"Ina! Ai tsayuwar ta fi tafiyar muni."

Ta ce mai toshewar jijiyar jini tsayawa kawai ta ishe shi, ba sai ya zauna ba, domin da tsoka ta daina aiki buƙatarta ta ragu. Kuma keke ba ya ɗaga masa ƙafa, tunda tsokar da ke tuƙi ita ma jini take nema. Wanda ya kai Kantin Kwari a keke, ba jini ƙafarsa ta rasa ba.

Ta bi sauran cututtukan da ake jin tsoro da sauri, amma ba ta tsallake su ba. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma a ƙasarmu ba baƙo ba ne. Kansar furostet ta dattawa maza tana son yaɗuwa zuwa can. Ba zazzaɓi, ba zufar dare, ba rama, ba ciwon da ke tayar da shi daga barci ya ƙi lafawa ko ya ya juya. Hoton ƙashi da gwajin jini ba su nuna ko ɗaya ba, sai zaizayar tsufa. Ta murza masa gaɓar kwatangwalo ciki da waje, bai ko yamutsa fuska ba.

Sai ta yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa, har mu da muke sahu ɗaya da shi.

"Baba, a salla, wane wuri ne ya fi yi maka wuya?"

Kawu ya yi shiru, kamar mai jin nauyin faɗa. Sannan ya ce, "Tsayuwa. In liman ya ja doguwar sura, Allah-Allah nake ya yi kabbara. Da na yi ruku'u sai in ji sakayau. Sujada kuwa, 'yata, wallahi ba na son ɗagowa." Daga nan sauran suka riƙa fitowa da kansu. Ya bar tarawi ba don ganda ba. Ba ya iya kwanciya rigingine da ƙafafu a miƙe, sai a gefe ya naɗe su. In ya ɗaga hannu zai rataye riga a ƙusar sama, yana jin abin ya tsarga har cinya. Hawa tudu ya fi masa sauƙi a kan gangara. In kuma yana tura keken a ƙafa, ya jingina da kansa, yakan yi ninkin tafiyar da yake yi hannu sake.

Duk inda ya sunkuya, lafiya. Duk inda ya miƙe ko ya banƙare, ciwo. Keken hawa da na ɗinki da ruku'u da dafa gwiwa a kan kututture, abu ɗaya suke yi wa bayansa.

Ta ɗauko takarda ta zana masa. Ƙashin baya jerin ƙasusuwa ne, 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a ƙugu, kuma ta tsakiyarsu akwai rami da ya ratsa daga sama har ƙasa. Laka tana bin ramin, amma tana ƙarewa a wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu. Daga nan zuwa ƙasa damin jijiyoyi ne ke ci gaba, waɗanda ke zuwa ƙafafu da mafitsara da dubura. Da yake tela ne, sai ta ce ya ɗauka kubakar wando ce da zariya a ciki: in kubaka ta tsuke, zariya ba ta da sukuni. Shekaru ne ke tsuke ta, ta ɓangare uku. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya bushe, ya lotsa, ya bultso ciki ta gaba. Ƙananan gaɓoɓin da ke baya su yi amosani su yi kauri. Wani maɗauri rawaya da ya shimfiɗu a bangon ramin ta baya shi ma ya yi kauri. In mutum ya miƙe, ƙugu na lanƙwasa ciki, maɗaurin ya tattare ya kutso cikin ramin, wuri ya ƙara matsewa. In ya soma tafiya, jijiyoyin suna neman ƙarin jini a inda ba fili, sai nauyi da minjirya. Da ya sunkuya, maɗaurin ya miƙe, rami ya ɗan buɗe, jini ya wuce. Sunan abin tsukewar ramin laka ta ƙugu.

Su kansu likitoci sun daɗe kafin su gane wannan. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a birnin Utrecht na ƙasar Holan, Henk Verbiest, ya yi ta samun marasa lafiya da ƙafafunsu ke mutuwa in sun tsaya ko sun yi tafiya, hoto ya nuna wani abu ya tare ramin, a shiga tiyata da zaton ƙari ne, a tarar ba ƙari, ramin ne kawai ya yi kaɗan. Bayaninsa na 1954 shi ya sa duniya ta ɗauki wannan a matsayin ciwo mai zaman kansa. Ya riƙa auna faɗin ramin ana cikin aiki, ya ce in ya sauko zuwa milimita 10 ko ƙasa da haka, tsukewa ce sosai. Har yau akwai gwajin da ake ɗora majiyyaci a kan keken motsa jiki don a bambance wannan ciwo da na jijiyar jini. Kawu ya shekara da shekaru yana yi wa kansa gwajin a kan titi, ana kiransa mai son jiki.

Hoton MRI, wanda kuɗinsa sai da aka yi karo-karo, ya tabbatar: tsukewa mai tsanani tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar, inda ta fi yawan aukuwa, da wata matsakaiciya a saman ta. Kalmar "mai tsanani" ta tayar da ƙura a gida. Babban ɗansa ya fara tambayar kuɗin jirgin Indiya da Masar. Inna ta ce a kan gawarta za a taɓa masa baya, ta ji ana cewa duk wanda aka yi wa aikin baya ba ya sake tashi. Kowa kuma ya ɗauka shanyewa ce ke tafe gobe ko jibi.

Likitan ƙashin bayan da aka tura mu gare shi bai fara da hoton ba. Ya sa Kawu ya taka a kan diddige, ya taka a kan yatsu, ya gwada ƙarfin babban yatsa, ya tambayi fitsari da bayan gida. Sannan ya ce hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. A 1990 a Amurka, wani likita mai suna Boden da abokan aikinsa sun ɗauki MRI na mutum 67 da ba su taɓa kukan baya ba. Cikin waɗanda suka kai 60 zuwa sama, kashi 21 cikin 100 hotonsu ya nuna tsukewa, suna yawonsu lafiya. Akwai mai mummunan hoto da ke zuwa gona, akwai mai ɗan dama-dama da ba ya kai ƙofar gida. Abin aunawa shi ne nisan da mutum ke iya takawa da ƙarfin ƙafarsa. Ciwon kuma a hankali yake tafiya, wasu ma ya tsaya musu wuri ɗaya shekaru. Shanyewa farat ɗaya ba kasafai take zuwa ba.

Game da aiki, bai goyi bayan Inna ba, bai kuma goyi bayan ɗan ba. Aikin shi ne a ɗebe ɓangaren ƙashi da maɗaurin da suka matse jijiyoyi, kuma ana yin sa a nan gida, a Asibitin Ƙashi na Dala da manyan asibitocin koyarwa. Ya fi maganin ciwon ƙafa da ƙara nisan tafiya a kan ciwon bayan kansa. Wani babban bincike na Amurka da ake kira SPORT, wanda ya fito a 2008, ya nuna waɗanda aka yi wa aiki sun fi samun sauƙi a shekarun farko, kodayake zuwa shekara 8 tazarar ta ragu. Wani kuma na 2015 ya raba mutum 169 da duk sun cancanci aiki, rabi tiyata rabi gashi da motsa jiki. Bayan shekara 2 ba a ga bambanci ba, amma fa kashi 57 cikin 100 na 'yan gashin sun ƙare a ɗakin tiyata. Ni abin da na fahimta a nan, wanda ya fara da gashi bai yi asara ba, ƙofar aiki ba ta rufuwa, kuma kusan rabi ba sa buƙatar shiga. Ɗan ya tambayi ƙarafunan da ake ɗaurawa a baya, waɗanda wani ya ce masa su ne aiki na zamani. Likita ya ce a Suwidin an gwada a kan mutum 247, sakamakon ya fito a 2016: ƙara ƙarfe bai ƙara sauƙi ba a shekara 2 ko 5, sai ƙarin kwanaki a gado da ƙarin kuɗi. Akwai wanda ƙashinsa ke zamewa yana motsi, shi kam yana iya buƙata. Kawu ba ya ciki.

Allurar baya ma an tambaya, don maƙwabci ya yi ya yaba. A 2014 an gwada ta a kan mutum 400 a Amurka, wasu da sinadarin rage kumburi haɗe da na kashe zafi, wasu da na kashe zafin kawai, bayan mako 6 bambancin bai taka kara ya karya ba. Tana iya ba da ɗan hutu, ba ta buɗe rami, kuma ga wanda sugansa bai daɗe da sauka ba, tana iya sake tayar da shi. Firegabalin da gabafentin, da ake yawan rubutawa don ciwon jijiya, ba su nuna abin kirki a wannan ciwo ba, ga jiri da magagi, tsoho kuwa faɗuwa ɗaya ta ishe shi karayar kwatangwalo. Taramol ba sai an faɗa wa mutumin Kano abin da yake yi ba. Aka bar shi da farasitamol, kada ya wuce giram 3 a yini. Ba wani abin a-zo-a-gani yake yi ba, amma ba ya cin ƙoda da ciki yadda waɗancan ke yi.

Nauyin maganin a sashen gashi ya faɗa, kuma abin da ya ba Kawu dariya, kusan duk abin da jikinsa ya riga ya gano ne aka tsara masa. Ya kwanta ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, safe da yamma. Ya koyi matse ciki ya shafe lanƙwasar ƙugu yana tsaye, wanda ke sayo masa 'yan mintuna a layi ko a sahu. Atisayen ƙarfafa cinya da ɗuwawu. Keke kullum, don ƙafa da zuciya kada su mutu da zama. Tafiya kuma kada ya bari, amma ya zauna tun kafin ciwon ya kama, ya tashi ya ƙara. Zama a hanya yanzu cikin magani yake. Sanda mai ɗan gajarta da ke sa shi ɗan rusunawa. Matashi tsakanin gwiwoyi in ya kwanta a gefe. Abin da aka hana shi shi ne doguwar kwanciya, wadda Inna ke ganin ita ce jinya.

Maganar salla liman ne ya warware ta, da hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, wanda ya ba mara lafiya damar yin salla a zaune in tsayuwa ta gagara. Kawu yakan yi kabbara a tsaye, in karatu ya yi tsawo ya zauna, ruku'u da sujada kuma ya yi su cikakku, tunda su ba su taɓa damun sa ba. Ya koma tarawi. Bai warke ba, ramin yana nan yadda yake, kuma ranar da ya wuce gona da iri yana ji a jikinsa. An yi da shi cewa in tafiyar ta koma ba ta fi tsakar gida ba duk da wannan ƙoƙari, ko ƙafa ta fara rauni, za a zauna maganar aiki, kuma lafiyar zuciyarsa da ƙodarsa za a duba, ba yawan shekarunsa ba.

Mai karatu, in akwai dattijo a gidanku da ke neman wurin zama a hanya, ka tambaye shi ko sunkuyo na ba shi sauƙi, ka kuma buɗe ledar maganin da yake sha ka kai wa likita ya gani. Akwai kuma alamun da ba a jira da su. In fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba bai sani ba, in bayan gida ya kufce masa, in tsakanin cinyoyi da wurin zama suka mutu har ba ya jin ruwan tsarki, ko ƙafa ta saki tana jan ƙasa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Wannan matsewar da awoyi ake lissafin ta, kuma jijiyar mafitsara in ta daɗe a matse ba lalle ta dawo ba.